Fayil Biyu a Teburin Tsoho

Litinin, 4 ga wata, 6:20 na safe

Na sayi littafin nan ne don rubuta lokutan maganin Inna, ga shi tun shafin farko zan ɓata shi da wata magana. Shekara ashirin da uku ina buga maganar wani a kan na'ura. Yau bari in rubuta tawa da hannu, tunda bakina ɗaure yake da rantsuwar aiki.

Jiya da la'asar hoton ya fita. Shafi ɗaya ne tak, na goma sha ɗaya, daga daftarin hukuncin Tsoho, alƙalin da nake yi wa aiki, a shari'ar ɗage zaɓe. Kafin rana ta faɗi babu wayar da bai shiga ba. Maƙwabciyata tela ce ta miƙo mini tata ta kan katanga, tana cewa, "Maman Auta, ba wannan ne maigidan naki na ofis ba? Ashe shi ma sun saye shi." Na karɓa na duba kamar ban taɓa ganinsa ba. Ni na buga shi. Har gurbin da na bari a layi na shida yana nan, inda na kasa karanta rubutunsa.

A shafin, Tsoho yana cewa gwamnati tana da hurumin ɗage zaɓe har shekara biyu. Alƙalan kotun ƙoli bakwai ne, kuma mutanen gari sun gama lissafinsu tuntuni: uku nan, uku can, Tsoho a tsakiya. Shi ya sa shafi ɗaya ya isa ya tayar da ƙasa.

Auta ba ta ci abinci ba jiya. Ta ce kanta ke ciwo.

Litinin, 5:10 na yamma

Tsoho ya zo ƙarfe takwas saura kwata kamar kullum, ya rataye rigarsa a bayan ƙofa, ya tambaye ni ƙafar Inna. Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ki riƙa ɗora mata ita kan matashi." Shi ke nan abin da ya ce. Na kai masa shayi, bai ɗaga kai ba.

Abin da mutane ba su sani ba, kuma ba ni da ikon faɗa musu: Tsoho bai taɓa rubuta hukunci ɗaya kawai ba. Kowace shari'a sau biyu yake rubuta ta. Ɗaya ya ba mai ƙara gaskiya, ɗaya ya ba wanda ake ƙara, kuma kowanne da zuciya ɗaya yake yinsa, kamar shi kaɗai ne. In buga su, in sa ɗaya a fayil shuɗi, ɗaya a fayil ruwan ƙasa, ya ajiye su gefe da gefe a teburinsa na kwanaki yana ta karantawa. Wanda ya kasa tsayawa da ƙafarsa, shi za mu yaga, ni da shi, mu zuba a injin niƙa takarda.

Shekarata ta farko na yi masa ƙorafi, na ce, "Ranka ya daɗe, aikin mutum biyu nake yi da yatsun mutum ɗaya." Ya yi dariya ya ce, "Malama, in ban taɓa zama a kujerar wanda zan kayar ba, da wane ido zan kalle shi ranar hukunci?"

Wanda ya fita na fayil shuɗi ne. Na ruwan ƙasa yana nan a aljihun teburinsa, a cikinsa ya ce gwamnati ba ta da wannan hurumin ko na yini ɗaya. Mu biyu kaɗai muka san da shi a duniya.

Talata, 5 ga wata, 1:00 na rana

Ba zan rubuta maganar Alhamis ba.

Laraba, 6 ga wata, 6:30 na yamma

A bas yau kowa alƙali ne. Wani mai hular kwano yana rantsuwa cewa ya san wanda ya ga an sauke wa Tsoho mota biyu. Wata ta ce ai gida aka gina masa a ƙasar waje. Direban ya ce, "Dama duk tsohon da ka ga ba ya magana, cikinsa ne ya cika." Aka yi dariya. Ina zaune a tsakiyarsu da jakata a cinya, ina tuna takalmin Tsoho da ake kai wa mai gyara sau biyu a shekara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba na iya jin haushinsu. Mutanen nan sun shekara huɗu suna jiran ranar da za su yi layin zaɓe, aka tashi rana ɗaya aka ce su ƙara biyu. Da ban san fayil ruwan ƙasa ba, da ni ce zan fi kowa ɗaga murya a bas ɗin.

Auta ta dawo daga jami'a da wuri, ta wanke wa Inna kaya ba a sa ta ba, ta share tsakar gida, ta goge tagogi. Yarinyar da sai an yi mata magana uku kafin ta ɗauke kofin da ta sha ruwa. Inna ta ce, "Wannan ko dai miji ta samu, ko laifi ta yi." Babu wanda ya yi dariya sai ita Innar.

Alhamis, 7 ga wata, 6:00 na safe

Mako ɗaya cif. Na ba Inna maganinta.

Asabar, 9 ga wata, 11:15 na safe

Na buɗe hoton na faɗaɗa shi da yatsu. A kusurwar ƙasa ta dama, bayan gefen takardar, akwai wani ɗan abu da bai kai faɗin farce ba. Rabin fure ne, shuɗi.

Na cire ledar teburin cin abincinmu, na naɗe ta, na tura ƙarƙashin katifa. Inna ta tambaya ina ledar, na ce ta tsufa. Ta ce, "Sai yau kika lura? Tun mijinki yana da rai take tsufa." Auta tana tsaye a ƙofar kicin riƙe da faranti, ta kalli teburin tsirara, ta kalle ni, ta koma ciki.

Litinin, 11 ga wata, 4:40 na yamma

Gwamnati ta ƙara wa Tsoho masu gadi. Da ɗan sanda ɗaya ne a ƙofarsa, mai yawan gyangyaɗi. Yau motoci biyu ne suka rako shi, da jiniya. Ya sauko fuskarsa a murtuke, ya ce wa magatakardan kotu bai nemi kowa ba, a mayar da su. Magatakarda ya ce umarni ne daga sama, ba shi da ta cewa.

Da rana kuma gidan rediyon gwamnati ya yi rabin sa'a yana yabonsa: dattijo mai hangen nesa, wanda ya fifita zaman lafiya a kan hayaniya. Ina jin shi ta bango yana kashe rediyon. Da na shiga ɗaukar kofi ya ce, "Malama, zagin jiya ya fi mini wannan sauƙi."

Wayar teburinsa ta yi ƙara sau uku daga ofishin minista. Duk ukun ni na ɗauka, duk ukun na ce Mai Shari'a yana karatu. Na ukun mai kiran ya ce, "Gaisuwa ce kawai." Na ce zan isar. Da na isar, Tsoho ya ce in rubuta rana da lokacin kowane kira a rajista, in kai wa Alƙalin Alƙalai kwafi.

Laraba, 13 ga wata, 5:30 na yamma

Masu bincike sun zo, mutum biyu, ɗaya dogo mai ladabi, ɗaya gajere mai tauna murfin biro. Sun tara mu a ɗakin taro na hawa na uku suna kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Dokar hawan namu kowa ya san ta: takarda ba ta sauka bene, ko a jaka, ko a aljihu, ko a waya. Wanda ya fitar da daftarin hukunci kuma ba kora kaɗai ke jiransa ba, har da kurkuku.

Dogon ya tambaye ni, "Hajiya, takardar nan ta taɓa barin ofishinku?"

Ban kai ga buɗe baki ba Tsoho ya turo ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Takardar ofishina ce. Duk inda ta je, alhakin a kaina yake. In kuna da tambaya ku yi mini a rubuce." Gajeren ya cire biron daga bakinsa. Suka ce in tafi.

Na shiga banɗaki na kulle, na daɗe a tsaye ina kallon famfo. Ban san me zan ce musu ba da bai shigo ba. Wallahi har yanzu ban sani ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ba ni kunya.

Alhamis, 14 ga wata, 12:50 na rana

Na yi ta maza na ce wa Tsoho, "Ranka ya daɗe, in aka ga na ruwan ƙasan fa? Shafi ɗaya kawai. Mutane za su gane biyu ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wa zai fitar?"



Ya ce, "Alƙali sau ɗaya yake magana, a zauren kotu, gaban waɗanda abin ya shafa. In na fara wanke kaina a waya, gobe a waya zan yanke hukunci." Sai ya mayar da tabaransa ya ce in kawo masa kundin shekarar da aka yi shari'ar gundumomi.

Ina ƙaunar mutumin nan, amma yau da na samu dama da na girgiza shi.

Asabar, 16 ga wata, 3:20 na yamma

Jiya an jefi gidan Tsoho. Gilashin falo ya fashe, dutse ɗaya ya faɗa kan kujerar da matarsa take zama. An kai ta gidan 'yarsu. An rubuta wata kalma da jan fenti a katangarsa, ba zan kwafe ta a nan ba.

To, bari in rubuta maganar Alhamis.

Ranar Alhamis ɗin kafin hoton ya fita, ƙarfe biyu, tela ta kira ni ta ce Inna ta zame a banɗaki. Saura shafi tara in gama gyaran na shuɗin, kuma Tsoho yana son shi Juma'a da safe. Na tsaya da jaka a hannu ina kallon shafukan. Shekara ashirin da uku ban taɓa ba. Na ce sau ɗaya ne, na zura su a jaka. Da muka dawo daga asibiti na baje su a teburin cin abinci ina bi da fensir, Inna ta kira ni in juya ta, na tashi. Minti goma ne, ko bai kai ba.

Yau da na ga hoton katangar na shiga ɗakin Auta na rufe ƙofa. Ban tambaye ta ba, ita ta fara.

"Mama, na ɗauka ina taimakon ƙasa ne."

"Ƙasa ce ta aike ki jakata?"

"Ba a jaka suke ba, a tebur suke. Na karanta, na ga zai sayar da mu. Mutum ɗaya kawai na tura wa, wallahi mutum ɗaya."

Na ce, "Akwai na biyu." Ba ta gane ba, sai na yi mata bayani, na karya rantsuwata a karo na biyu cikin wata ɗaya. Ina magana fuskarta tana canzawa. Da na gama ta ce, "To me ya sa zai rubuta abin da bai yarda da shi ba?" Na ce, "Don kada ya zama irinki, da kika karanta shafi ɗaya kika yanke hukunci."

Bai kamata in faɗi haka ba. Ta yi kuka har Inna ta fara buga sandarta a bango tana tambaya wa ya mutu. Shekararta ashirin da ɗaya, ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba, wannan ne zai zama na farkonta. Kuma ba ita ta sauko da takardar daga hawa na uku ba.

Litinin, 18 ga wata, 6:10 na safe

Auta ta ce za ta je ta faɗa. Na ce in ta fita ƙofar nan da wannan niyyar, ni da ita ne.

Laraba, 20 ga wata, 5:45 na yamma

An sa rana: Juma'a, ƙarfe goma.

Da azahar ya kira ni, fayil biyun suna gabansa. Ya tura mini shuɗin ya ce, "Bismillah." Muka yaga shi tare kamar kullum, shi rabi ni rabi, muka zuba a inji. Da na zo kan shafi na goma sha ɗaya hannuna ya tsaya, ya miƙo hannu ya karɓa ya yaga da kansa.

Ban yi mamaki ba. Na san shi: wanda zai faɗi shi yake fara rubutawa, kuma ya fi ƙawata shi, wai don kada ya zalunce shi. Shuɗin ya fara ba ni. Tun kafin hoton, tun kafin duwatsun, na san inda ya dosa. Sai dai wa zai yarda da ni?

Na ce, "Ranka ya daɗe, jibi za su gane."

Ya ce, "Kina gani?"

Juma'a, 22 ga wata, 6:15 na yamma

Huɗu da uku. Za a yi zaɓe cikin kwana casa'in.

Ya karanta nasa minti arba'in, muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ina zaune a kujerata ta gefe ina bin kowane layi a zuci, na san inda zai tsaya ya sha ruwa. Da ya kai ƙarshe aka ji ihu daga titi kamar an ci ƙwallo. Raina ya yi fari, na ce yau dai an wanke shi.

Sai na leƙa ta tagar hawa na uku. Sun cika titin har bakin gada, suna rawa, suna ɗaga hotonsa. Na kasa kunne in ji me suke rerawa. "Mun tanƙwara shi. Mun tanƙwara shi." Wani ya hau kan mota da lasifika yana cewa wannan nasarar jama'a ce, da ba a fito ba da tsohon nan ya sayar da ƙasa, yanzu kowane alƙali ya san an san inda gidansa yake.

Kafin ƙarfe ɗaya motocin gadin nan biyu sun tafi, ko sallama babu. Ɗan sandansa mai gyangyaɗi kaɗai aka bari. Ƙarfe uku rediyon da ya kira shi dattijo mai hangen nesa ya ce abin takaici ne a ce kotu ta miƙa wuya ga 'yan jifa. Ga hujja ma, in ji su: kowa ya ga abin da ya rubuta da farko.

Na same shi tsaye a tagarsa, bai ko cire rigar shari'a ba. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Waɗancan sun ce tsoro na ji. Waɗannan ma sun ce tsoro na ji. Yau dai ƙasar ta haɗu a kan magana ɗaya."

A bas tela ta kira ni tana murna. "Kin ga amfanin matsi? Da an yi shiru da shi ke nan." Na ce mata layin ba ya da kyau.

Litinin, 25 ga wata, 2:30 na rana

Na faɗa masa. Na shiga da safe kafin shayi, na tsaya a gaban tebur kamar mai laifi a akwatin kotu, na faɗi komai, daga kiran tela har minti goman. Sunan Auta kaɗai na so in tsallake, na kasa. Na ajiye takardar barin aiki a gabansa.

Bai taɓa ta ba. Ya ce, "Ledar mai furanni shuɗɗa."

Na ɗago.

"Na sha shayi a kanta ranar da na zo miki gaisuwar rasuwar maigidanki. Shekara shida ke nan. Malama, ya kamata a ce kin canza ta tuntuni."

Tun ranar farko ke nan. Tun ranar da yake ce mini in ɗora ƙafar Inna kan matashi. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba? Da ka faɗa, da an san ba sayenka aka yi ba, da an san biyu ne."

Ya ce, "Da an san, da an ɗaure yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya saboda ta ji tsoron za a ƙwace mata ƙuri'a. Na rubuta wannan ma sau biyu, a kaina. Na tona asirin ne ya faɗi." Ya tura mini takardata da bayan biro. "Ɗauki abinki. Wa kike so ya karanta rubutuna, magatakarda?"

Na yi kuka a gabansa, abin da ban yi ba ko ranar gaisuwar. Ya jira na gama, ya ce shayin fa.

Laraba, 27 ga wata, 6:40 na yamma

Auta ta rubuta masa wasiƙa shafi huɗu. Ya karanta, ya ce in gaya mata hujjarta ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ta je ta yi rajistar zaɓe kafin a rufe. Ta je yau. Matarsa ta koma gida, an sa sabon gilashi, an shafe katangar, amma in rana ta haska jan yana ɗan nunawa ta ƙarƙashin farin.

Na sayi sabuwar ledar tebur, fara, babu ko fure ɗaya. Inna ta ce kamar ta asibiti.

Litinin, 9 ga sabon wata, 4:55 na yamma

Sabuwar shari'a ta kai ga rubutu, rigimar fili ce tsakanin wani kamfani da wasu manoma, babu wanda zai yi jifa a kanta. Tun makon jiya na karɓo sababbin fayil biyu daga sito, shuɗi da ruwan ƙasa, na rubuta lambar shari'ar a goshin kowanne.

Ƙarfe goma ya kira ni ya miƙo mini rubutunsa, shafi goma sha tara. Na karɓa na tsaya, don kullum in ya ba ni na farko yakan ce, "Ɗayan jibi." Bai ce ba. Ya ci gaba da karatu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗayan fa?"

Ya ce, "Wannan ne."

"Na biyun nake nufi."

 Ya taɓa goshinsa da yatsa ya ce, "Yana nan. A nan babu mai ɗaukar hoto." Ba da faɗa ya faɗa ba, har da ɗan murmushi. Ya ƙara da cewa, "Sai dai na lura, wanda ba a rubuta ba saurin faɗuwa gare shi. Ban san ko na yi wa kamfanin adalci ba."

Na koma teburina na buga shafi goma sha taran, na gama kafin azahar. Shekara ashirin da uku ina ƙorafin aikin mutum biyu, yau na yi na mutum ɗaya, na zauna hannu sake har lokacin tashi. Na sa su a na ruwan ƙasa. Shuɗin ya kamata in mayar sito, amma na sa shi a aljihun teburina na ƙasa, da lambar shari'ar a goshinsa.

Maganin Inna ƙarfe shida, fari ɗaya, rawaya rabi.